Harawar da Na Zaɓa wa Baffa Altine

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, samari. Abin da za ku riƙe shi ne, ni haifaffen unguwar Firchin ne a garin Jega, kuma cikin sana'ar harawa na tashi. Da kaka in bi ƙauyukan Aliero in sayi harawar wake da ta gyaɗa, in jibge bisa rumfa. In bazara ta yi, ciyawa ta ƙare a daji, in fito da ita kasuwa. Halalina nake ci, kuma yana isata.

Harawa ba ta da sikeli a wurinmu. Mai saye zai ɗaga dami ya jinjina, ya sunsuna bayansa, nauyin da hannunsa ya ji shi ne kuɗin. Shekarun da anka yanke mana jiha daga Sakkwato masu kiwon turke sunka yawaita, harawa ta yi tsada. Wata rana yayyafi ya taɓa mini dami biyu, sai na ga an saye su da daraja fiye da sauran, don kawai sun fi nauyi. Wallahi tun ranar zuciyata ba ta sake zama daidai ba.

Na fara da watsa ruwa kaɗan a tsakiyar dami. Daga baya na koma cusa curin laka, in jiƙa cikin damin sharkaf, in naɗe da busasshiya mai kore shar. Jiƙaƙƙiyar harawa in ta kwana biyu a ɗaure fumfuna take yi, ta zama guba. Na sani sarai. Ba wanda ya fi ni sani.

Akwai wani tsohon Bafillace, Baffa Altine, daga wata ruga kusa da Maiyama. Ciwo ya share garkensa, saura saniya guda mai ciki, jinin shanun ubansa. Ya zo rumfata yana laluben hanya da sanda.

Ya ce, "Ɗana, idona ba shi gani sosai. Zaɓa min da hannunka. Ita ɗai ta rage min."

Na zaɓo masa uku cikin waɗanda sunka fi daɗewa a jiƙe. Da na rungumo na farko sai na ji zafi yana fitowa daga cikinsa kamar jikin mai zazzaɓi. Shi ma da ya dafa ya ce, "Wanga da ɗumi." Na ce, "Rana ce, Baffa." Har godiya ya yi mini.

Kasuwa ta zagayo, sai ga shi. Bai yi sallama ba. Ya tsaya gabana ya ce, "Ta ƙi ci da farko. Don daga hannuna ne ta ci." Cikin saniyar ya kumbura, ta mutu da ɗan maraƙin a ciki. Bai zage ni ba, bai kira kowa ba. Tsayuwa kawai ya yi, fararen idanun nan suna kaina, har anka tashi kasuwa. Wata kasuwar ma haka, ta bayanta ma haka.

Awakin kasuwa da muke yini muna kora sunka daina zuwa rumfata. Jaki in ya biyo ta gabana sai ya kauda kai. Na kasa cin abinci. Rannan da azahar, tsohon yana tsaye, hayaƙi ya fara fita daga tsakiyar tarin harawata, siriri, ba wuta ko'ina. Mutane sunka taru sunka wargaza tarin. Ciki baƙi ƙirin, ga laka, ga wani wari da ya sa mutane toshe hanci. Nan wasu mutanen ƙauyen Kashin Zama sunka gane abin da ya kashe musu raguna. Sarkin kasuwa ya miƙa ni ga 'yan sanda, alƙali ya tura ni gidan yari.

Can ciki na koyi tsayar da salla, na yi kuka har na gaji. Ana sakina ban je gida ba, Maiyama na nufa neman gafara. Matar Baffa ta nuna mini shi da haɓa. Yana tsugune gaban wani turke da babu komai a jikinsa, yana tura ciyawa gindinsa, yana magana a hankali da Fillanci. Ta ce kullum haka yake yini.

Na durƙusa na ce, "Baffa, ni ne mai harawar Jega. Ka yafe min."

Ya juyo ya yi murmushi. "Madalla, ɗana. Ka kawo mata? Yau ba ta ci komi ba."

Na tuba, kuma ina fatan Allah Ya karɓa. Amma hakkin tsohon nan yana wuyana, don ya rasu bai gane abin da nake roƙonsa ba. Ku da kuke shiga kasuwa yanzu, duk wanda ya ce ku zaɓa masa da hannunku, ku ji tsoron Allah ku ba shi mai kyau. Kuma in kun cuci mutum, ku je yau ku roƙe shi, tun yana iya gane ku.