Gemun da Na Shiga da Shi Ɗakin Famfo

A shekarun da nake aikin teku, in na shiga ɗakin cin abinci na jirgi, mutanenmu tashi suke yi su ba ni kujera, kuma in na yi magana ba mai ƙarawa. Yau ina zaune a gidana a garin Bowie da ke jihar Maryland, maiɗakina ce ke fita aikin asibiti, ni kuwa in zan hau bene sai na tsaya a tsakiya na huta. Na rubuto muku ne don masu tasowa su san yadda aka yi na zama haka, da wanda abin ya shafa fiye da ni.

A lokacin ni ne shugaban masu kula da famfuna a wani jirgin mai da aka kafe a tekun yammacin Afirka. Ba jirgin tafiya ba ne. Yana tsaye wuri guda, yana zuƙo ɗanyen mai daga ƙarƙashin ruwa, ya raba shi da ruwa da iska, ya adana a cikinsa har jirgin dakon mai ya zo ya kwashe. Wata guda ina can, wata guda ina Maryland wajen iyali. Na yi aiki da mutanen ƙasashe da yawa, ina jin Faransanci, ina taɓa yaren Fotugal. Na ga ɗan Norway ya dubi kyaftin ido da ido ya ce a dakatar da aiki, aka dakatar, kuma suka ci abinci tare da rana. Na ga 'yan Filifin, su sai sun haɗu sun turo mutum ɗaya ya faɗa. Mu kuwa, in babba ya yi kuskure, ƙasa muke kallo. A da ina ɗaukar wannan a matsayin abin da muka fi su da shi.

Man rijiyoyinmu yana zuwa da wata iska mai guba. In kaɗan ce, warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi. In ta yi yawa, sai ta kashe hanci, mutum ya faɗi bai ji warin komai ba. Shi ya sa 'yan tawagar ceto suke goya tulun iska a baya, su rufe fuska da wata roba mai gilashi. Dole robar ta manne da fata, don haka dokar jirgi ita ce duk ɗan tawagar ceto ya aske gemu. Ina cikin tawagar, kuma bayan na dawo daga aikin hajji na tsayar da gemu. Ba wanda ya hana ni ajiye shi. Abin da ake bukata kawai in fita daga tawagar, a ba wani gurbina. Ni kuwa na so in riƙe duka biyun, don ina ganin fita kamar amsa cewa na tsufa ne. Sai na riƙa shafe gemun da basilin in kwantar da shi kafin in sa robar.

Jami'in da ke gwada mana kayan mutumin Kano ne, magidanci mai 'ya'ya, amma Baba yake ce mini, domin ni nake ja musu salla. Ranar gwaji ya sa hannu a gefen kumatuna, ya yi jim, sannan ya ce ba laifi. Wanda kaɗai ya taɓa yi mini maganar shi ne wani makanike ɗan Kumasi, mai barkwanci, da Hausarsu ta zango. Ya ce, "Alaji, wannan gemu naka sai an saya masa nasa tulu." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Wata ranar da hantsi jiniya ta tashi. Wani bututu ya tsage a ɗakin famfo, can ƙasan jirgi, kuma makaniken nan yana ciki. Mu biyu aka tura, ni da wani Bafaranshe. Tun a matakala na ji iska tana fita ta gefen kumatuna da ɗan sauti, na san tuluna yana zuba. Ban faɗa ba. Muka sami makaniken kwance kusa da famfo. Da na sunkuya zan ɗaga kafaɗunsa, robar ta zame a kan man da na shafa. Numfashi ɗaya na tuna, sai na yanke jiki na faɗi. Daga baya aka ba ni labari cewa Bafaranshen ya tsaya da mutum biyu a ƙasa, hannu kuwa biyu gare shi. Ni na fi kusa da matakala, sai ya fara jawo ni. Kafin tawaga ta biyu ta shirya ta sauka, ɗan Kumasi ya daɗe yana shaƙar abin da ni sau ɗaya na shaƙa. An sauka don a ceto shi, aka ɓata lokacinsa a kaina.

Jirgi mai saukar ungulu ya kwashe mu zuwa asibiti a tudu, daga can aka dawo da ni Maryland. Ina kwance a gida jami'in nan ya kira ni a waya. Na zaci gaisuwa ce, sai ya ce, "Baba, tun ranar gwaji na ji iskar a tafin hannuna. Bakina ne ya yi nauyi." Ya ce ya ajiye aikin da kansa. Na ce masa ba laifinsa ba ne, ni na zama mutumin da ba a iya gaya wa gaskiya. Muka yi sallama.

Da na samu ƙarfi na je masallaci a Beltsville, na kwashe komai na gaya wa wani malami. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce ajiye gemu alheri ne, amma da na zo masa tun farko, da ya ce ko in aske saboda lalura ko in bar tawagar, domin ba a riƙe sunna da ran wani. Ya tambaye ni ko na nemi iyalin ɗan Kumasi. Na nema. Matarsa ta ce ita ta bar wa Allah, ta kuma sa shi a waya don in gaishe shi. Na yi ta magana, yana ta cewa to.

'Yan'uwana da ke aikin mai, ko asibiti, ko duk inda kuskuren mutum ɗaya ke iya faɗa wa wani, musamman ku da aka fara kira Baba, ku lura. In na ƙasa da ku ya duba kayanku ya yi jim, kada ku karɓi shirunsa, ku matsa masa ya faɗa. In kuma wani ya gaya muku gaskiya cikin wasa, ku sani wataƙila ita ce kaɗai hanyar da kuka bar masa. Ban sake komawa teku ba, hancina kuma ba ya jin warin komai, ko na miyar gidana. Ɗan Kumasi yana raye, yana ci yana sha, amma tun daga ranar bai sake kiran sunan 'ya'yansa daidai ba.