Ranar da Baba ya duba bakin diski

Kwamfutar da nake ci da ita, bijimi ce. Haka muke cewa a gidanmu na Zangon Kumasi, domin shekarar da na gama koyon zanen katin biki da na suna, mahaifina ya sayar da wani jan bijimi da yake ji da shi, ya saya mini laftof. Dillalin shanu ne tun yana saurayi, kuma ba ya yarda a yi ciniki sai ya buɗe bakin dabba ya ga haƙoranta. Ko fatake daga arewa, in sun sauke kaya, shi suke fara nema.

Daga baya idonsa ya dushe. Mutanen kasuwa suka rage aiko masa, har suka daina. Ya koma zaman tabarma a zaure, rediyo a gefe, ba ya ko leƙa bakin titi. A daidai lokacin ita ma kwamfutar ta fara ja da baya. In na kunna ta da safe, sai in dama koko, in sha, in wanke kofi, tana nan tana tunani. Wata amarya daga Buokrom ta taɓa zama a kaina tana jiran katinta har barci ya ɗauke ta.

Yayana da ke Italiya ya kira a waya, na sa a sifika don Baba ya ji muryarsa. Da na yi masa ƙorafi sai ya ce, "Ke ma dai. Wannan tsohuwar aba ta gama yayi koraa, kwata-kwata. Ki jefar, ki huta."

Aka kashe waya. Sannan Baba ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Abin da ya tsufa, wuri kawai yake tarewa."

Na san ba kwamfuta kaɗai yake nufi ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. A ranar na rantse wannan laftof ba za ta ga bola ba ina raye.

Na yi ta bincike a waya har na gane inda ciwon yake. Diskin da ke cikinta, wato rumbun da take ajiye aiki, irin na da ne mai juyawa. In aka sa mata sabon da ake kira SSD, za ta farfaɗo. Da Yaya ya ji haka sai ya huce, ya ce zai ba wani mai zuwa gida irin wanda ke cikin kwamfutarsa, ɗan siriri kamar cingam. Na ce ya dakata. A Zango ba a mayar da tsarabar ɗan'uwa. In ya aiko bai shiga ba, sai dai in ajiye a kabad in yi ta godiya. Kuma na karanta cewa SSD iri-iri ne, akwai siriri, akwai mai faɗi, kowanne da bakin da yake shiga.

Na kwashe ayyukana zuwa filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na kashe ta, na cire batir. Na shimfiɗa zane a zaure kusa da Baba, na kife ta, na kama kwance notuna da ƙaramin sukundireba. Ban taɓa buɗe cikinta ba.

"Me kike ƙwaƙula haka?" in ji shi.

"Bakinta zan duba kafin in yi ciniki, Baba."

Ya rage muryar rediyo. Na zaro tsohon diskin, na leƙa ko'ina, babu gurbin siririn nan ko na magani. Mai faɗi kawai take ɗauka. Da na bari Yaya ya aiko, da mun yi asara mun kuma ji kunyar juna.

Baba ya miƙo hannu, na ɗora masa diskin. Ya juya shi, ya bi gefensa da babban yatsa har ya kai inda 'yan ƙarafan suke a jere. Ya tsaya a nan.

"Ashe yana da haƙora," ya ce. "Jeri biyu, gajere da dogo, da giɓi a tsakani."

Na duba, haka ne kuwa. Ban san lokacin da na ce, "Gobe za ka raka ni kanti ka duba mini sabon?" ba. Ya ce in daina wasa da furfura. Amma da gari ya waye na same shi ya sa babbar riga da hular da yake zuwa kasuwa da ita, yana tambaya ko zan shekara ina shiri.

Muka hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Adum. Mai kantin Ba'asante ne mai fara'a, yana jin Hausar Zango. Ya ɗauko kwali ya ce, "Maame, wannan yana da kyau paa, sosai. Ka sa shi, mashin ɗin zai gudu."

Baba ya ce, "A buɗe."

Mutumin ya dube ni. Na ce ya yi haƙuri, tsohona ba ya sayen abu a rufe, in bakin ya dace mun saya. Ya yi dariya ya yanke ledar. Baba ya riƙe tsohon a hagu, sabon a dama, yana shafa su a natse, fuskarsa ta koma irin wadda na sani ina yarinya in yana tsaye gaban bijimi.

"Baki ɗaya ne," ya ce. "Amma wannan ya rame. Zai yi lilo a ɗakinsa."

Mai kanti ya tafa hannu. "Ei, Papa! Gaskiya ne!" Ya ce sababbin sun fi sirantaka kaɗan, ya laluba cikin kwalin ya fito da wata 'yar roba da ake liƙawa don cike gurbin. Ni da na yi ta karatu a waya, wannan ya wuce ni. Na tsaya ina kallon mahaifina, wani alfahari ya cika ni har ƙwalla ta zo mini a gaban mutane.

A nan kantin aka sa mata, aka zuba mata manhaja. Da muka dawo gida na kunna ta a zaure, kafin in gyara zama ta buɗe. Na yi ihu har maƙwabciya ta leƙo ta ga ko lafiya.

Da la'asar ban ga Baba a tabarma ba. Na same shi a benci bakin masallaci, inda ya daɗe bai zauna ba, tsofaffin abokan kasuwarsa sun kewaye shi, tsohon diskin yana yawo daga hannu zuwa hannu. Wani ya tambaye shi ko ba a jefar da kwamfutar ba ke nan.

"A jefar?" in ji Baba. "Ni na duba ta da hannuna. Da sauranta."