Inda Sunan Kakata Yake

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, ana shirin mayar da mulki hannun farar hula, na zaɓi in rubuta kundina a kan yadda ake narkar da kuza kafin zuwan Turawa. Ban sha wahalar neman bayani ba, a gida nake da shi. Kakata, wadda muke zaune tare a Dutse Uku, sana'ar mahaifinta ke nan. Wata uku ina gabanta da biro tana ba ni labarin yadda ake zuba narkakkiyar kuza a ramukan da aka huda da tsinke cikin yumɓu, da yadda kuzar ta taɓa zubo wa mahaifinta ta cinye masa yatsu biyu na hagu. Tana yi tana tsokanata: "Maigida, ashe bokon naka a bakina yake?"

Malamin da ke duba aikina baƙar fata ne, kuma babu wanda ya kai shi caccakar tarihin da Turawa suka rubuta mana. In ya fara a aji har jijiyar wuyansa ke tashi. Shi ne kuma ya bi duk inda na rubuta "kakata ta ce" ya zagaye da jan biro.

"Ni na yarda da ita," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Amma mai tantance kundin daga ƙasar waje zai zo, kuma takarda zai nema. In babu, sai ka maimaita shekara."

Ba ni da halin maimaitawa, ƙannena huɗu na jiran in kama aiki. Na shiga ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, na yi ta tono har na ci karo da rahoton wani Baturen ma'adinai. Komai na ciki: tsinken, yumɓun, har yadda ake hura wuta. Ya ce wani ɗan ƙasa mai yatsu uku a hagu ne ya nuna masa, bai damu da sa sunansa ba. Sannan ya rufe da cewa irin waɗannan mutane ba za su iya ƙirƙiro wannan fasaha ba, lallai baƙi ne suka koya musu.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Raina ya ɓaci, amma na koma na goge kakata layi-layi, na sa Baturen a gurbinta. Na ci, har da yabo.

Ranar da na kawo kundin gida ta goge hannu da zani ta karɓa. "Nuna mini inda sunana yake."

Ba ta karatun boko. Na buɗe, na ɗora yatsa a kan sunan Baturen. Ta daɗe tana shafa wurin, sannan ta yi murmushi.

"Ashe sunana da tsawo a boko," in ji ta.