Gwangwanayen Madarar da Ban Sha Ba

Na je Kuala Lumpur ne don in ga 'yata da ke karatun digiri na uku, sai korona ta rufe hanya. Ina gidanta a unguwar Cheras na zame a banɗaki, ƙashin ƙuguna ya karye. Likita ya ce ƙasusuwana sun yi rauni, ya ɗora ni kan wata allura. Bayan ikon Allah, ita ta tashe ni.

A zaman jinyar nan na fara koyon karatu, da furfurata. Matar wani malamin jami'a, Bahaushiya maƙwabciyarmu, ita ke koya min ta waya bayan la'asar, Hausa da ɗan Turanci. Malama nake ce mata.

A asibiti aka haɗa ni da wata ƙungiya ta masu ciwon ƙashi. Wani kamfanin madarar gari ne ke ɗaukar nauyinta, kuma duk wata sai an aiko min gwangwani ɗaya. Ni kuwa tun ina yaro madara ba ta zama a cikina. Na gaya wa shugabar ƙungiyar, wata mata mai yawan fara'a, ta ce ba komai, in dinga ajiyewa. Rannan ta turo mai hoto ya ɗauke ni riƙe da gwangwani, ya miƙo min takarda in sa hannu. A makon ne na fara iya rubuta sunana. Daɗin rubuta shi ya hana ni tambayar me aka rubuta a sama.

Da aka sassauta dokar kulle, na dogara sanda zuwa kantin magani, sai ga fuskata a jikin gilashi. Na tsaya na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Wai madarar nan ce ta mayar min da tafiya.

Ashe hoton ya daɗe yana yawo a wayoyin mutanenmu. Mahaifiyar Malama, dattijuwa mai irin ciwona, ta gani ta ce tunda Alhaji ya warke da madara, ita da allura har abada. Ba a jima ba ta faɗi a kicin, hannunta ya karye. Malama ba ta zarge ni ba. Ta dai kira ta ce, "Baba, yau ba karatu, muna asibiti."

Na kira shugabar. Ta ce kamfani ne ya buga, kuma in ba kamfani ba ƙungiya, in yi haƙuri, hoto ne kawai.

Na yi haƙuri, amma irin nawa. Ban fita daga ƙungiyar ba. Duk taron da suka kira ta waya ni ne farkon shiga, ina murmushi, har ta zaɓe ni in yi magana a babban taron wayar da kai, wanda manyan kamfanin da likitoci za su kalla ta bidiyo. Wata biyu ina shiri. Kalmomin Turancin da nake so, ɗai-ɗai na riƙa tambayar Malama, a ranaku daban-daban, don kada ta gane ta hana ni. Na ɓata kwali huɗu kafin rubutun ya miƙe.

Ranar na sa babbar riga. Da aka ba ni dama na juya wayar zuwa bango, inda na jera gwangwanayen duka, ko ɗaya ba a fasa ba. Sannan na ɗaga kwalina na karanta da Turanci a hankali: "Ban taɓa sha ba. Allura ce ta tashe ni."

Suka kashe min murya. Na ci gaba da riƙe kwalin, ina kallon fuskar shugabar a ɗan akwatinta na kan allon wayar har aka fitar da ni. Wallahi na ji sanyi a raina.

An cire hoton. Kamfanin ya janye, motsa jikin da ƙungiyar ke koya wa tsofaffi ya tsaya, kuma na san wasu suna amfana da shi. 'Yata ta ce na tsananta. Wataƙila. Amma Malama ta nuna wa mahaifiyarta bidiyon, tsohuwar ta kalla ta ce a kai ta wurin likita.

Bayan na dawo Kano shugabar ta aiko min dogon saƙo. Na zauna a zaure na karanta shi da kaina, sau biyu, ban amsa ba.