Azumin Godiyar Da Muka Ɗauka Bayan Ƙasa Ta Girgiza

Salama gare ku, 'yan uwa. Wata bakwai ke nan ban ce uffan ba a nan. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba, ku yafe ni. Bakina ne ya yi nauyi.

Ranar da ƙasa ta girgiza a ƙauyenmu, can gefen Ikara, ni da ƙanena Isuhu muna cikin tsohon soron gidanmu muna jera mazarƙwaila. Kakanmu ne ya gina soron shekarar da aka samu 'yancin kai. Tsofaffi sun ce a zamanin ma ƙasa ta taɓa motsawa har bango ya tsage. Tun daga nan duk shekara sai mu kwaɓa ƙasa mu shafe tsagar, mu ce an gyara.

Da hantsi muka ji ruri kamar tirela ta shigo tsakar gida. Kafin mu kai ƙofa rufi ya sauko da azararsa.

Ni cinya ɗaya ya danne mini, Isuhu ƙafafu biyu. Sai la'asar aka tono mu. Babu karaya, kumburi kawai. Gari ya yi ta kabbara, ana layin yi mana barka.

A nan na tafka wautar da zan mutu da ita. Na ce, "Isuhu, wanda Allah ya yi wa wannan ai sai azumin godiya. Gobe mu ɗauki uku."

Ya ce, "Yaya, ni fa ƙishi nake ji ba kaɗan ba."

Na ce, "Kai dai rago ne tun kana yaro."

Ya yi dariya ya ɗauka. Bai taɓa musa mini ba.

A azumi na biyu fitsarina ya yi duhu kamar ruwan rake da ya daɗe a wuta. A na uku ya ɗauke ɗif. Ga amai, ga shaƙuwa, fuska ta haye. Isuhu ma haka. Matata Ladidi ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, yau kam ba zan bi maganarka ba. Mota na waje."

A asibiti a Zariya aka ɗebi jininmu, aka sa mana robar fitsari. Likitar ta ce naman da gini ya daɗe yana dannewa yakan saki dafi cikin jini, ƙoda ce ke tace shi, kuma ruwa take buƙata a lokacin. Ta ce, "Me kuka sha a kwanakin nan?"

Na ce, "Azumi muke."

Ta ajiye biro.

Aka raba mana ɗaki, aka fara wankin ƙoda. Roba a wuya, awa huɗu kana kallon jininka yana fita yana dawowa. Shanun huɗarmu duk a nan suka tafi. Kullum da safe abin da nake fara dubawa shi ne jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado, kullum wayam. Na ji tsoro, tsoron da ban ji ba a ƙarƙashin soro.

In na tambayi Isuhu sai Ladidi ta ce, "Yana can, da sauƙi."

Sati na uku, wata safiya, na ga ɗan ruwa a jakar, bai kai rabin kofi ba. Ƙato da ni na fashe da kuka a kan fitsari. Na ce, "Ladidi, maza je ki gaya wa Isuhu, shi ma nasa na tafe!"

Ba ta motsa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kwana tara ke nan da binne shi. Zuciyarsa ce ta tsaya bayan wanki na biyu, aka ɓoye mini don kar in bi shi.

Ni na warke, ina takawa da sanda. Masu binciken ƙasa da suka zo ƙauyen sun ce dutsen da ke can ƙarƙashinmu a tsage yake, gefe na goga gefe, kuma ba wanda zai iya cewa ga ranar da zai sake zamewa.

Don haka ku ji daga wanda ya gani. Bangon da ya tsage a rushe shi, yaɓe ba gyara ba ne. Wanda aka tono daga ƙarƙashin gini a wuce da shi asibiti nan take, ko da yana tafiya da ƙafarsa. Ku lura da launin fitsarinsa. Kuma Allah bai ɗora wa majinyaci azumi ba.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci, da Ladidi da ta ƙi jin maganata, da duk wanda ya ba da jini ko addu'a.

Isuhu ya bar 'ya'ya huɗu. A gidana suke yanzu, suna kira na Baba, sun ɗauka soro ne kaɗai ya kashe ubansu. Na kasa gaya musu da baki. Babbarsu, Hafsatu, tana karanta duk abin da na sa a nan.

Hafsatu, ruwa ya nema, ni na hana shi. Ki yafe mini in za ki iya.