Yadda Na Yi Addu'a Na Rasa Gindin Taga

A majami'armu ta nan Damagaram akwai taga guda ta wajen arewa, a gindinta kuma akwai wurin zaman da na gada daga mahaifina. Wasu sun gaji gona, wasu raƙumi, ni ƙarshen benci na gada. Kada ku raina. Ran Lahadi da bazara, lokacin da kwanon rufi ke gasa mutum har ya ji ƙamshin kansa kamar tsire, iskar duniya duka ta wannan taga take shigowa, ta sauka a wuyana. Ga bango na jingina. A nan mutum kan rufe ido, a ɗauka ya yi nisa cikin addu'a.

A da ba mai takara da ni. Ba mu da yawa. In gida biyu suka tafi biki, bencuna fasto yake yi wa wa'azi. Shi ya sa duk ran da aka ba ni addu'a nakan buɗe maƙogwaro in roƙi Ubangiji ya cika gidansa maƙil, har a rasa wurin aje ƙafa. Matata takan ce, "Maigida, ka riƙa rage wa addu'ar nan gishiri. Ana jinka fa."

Aka kuwa ji ni. Ma'aikatan da aka yi wa afektasiyo, wato canjin wurin aiki, zuwa garinmu suka zo da iyalansu. 'Yan jami'a suka biyo. Da aka mai da rabin sujada daga Faransanci zuwa Hausa, tsofaffin da ke gyaɗa kai ba su san abin da aka ce ba suka fara jawo danginsu na ƙauye masu shigowa cin rani. Matan zumuntar majami'a kuwa ba su zama: yau asibiti, gobe gidan haihuwa, jibi gidan rasuwa, da kwanon tuwo a ka. Wanda ya ci tuwonsu yana kwance yakan zo gaisuwa in ya miƙe, wani ya koma abinsa, wani ya zauna. Sauran kuma mu muka haife su. Ni kaɗai na ba da gudummawar yaran da suka cika benci guda cur.

Bakina ma ya taimaka. Duk baƙon Kirista da na gamu da shi a kasuwa sai in ce masa majami'armu sanyi gare ta kamar bakin tafkin Gidimuni, har da bargo wasu ke zuwa.

To, muna da al'ada: baƙo ranar farko wurin da ya fi daɗi ake ba shi. Ba wanda ya kai ni kare wannan al'ada, don ban taɓa lura cewa wurin da ya fi daɗi nawa ba ne. Wata Lahadi na shigo na tarar da wata tsohuwa daga wajen Guna, wadda ta zo jinyar ido wurin ɗanta, zaune a gindin tagata, ta sassauta mayafi tana shan iskata.

Na rusuna na ce, "Sannu, Inna."

Ta ce, "Yawwa, ɗana. Nemi wuri ka zauna, ka tare mini iska."

Na ce a raina baƙunta ta mako guda ce. Idon ya warke, tsohuwa ba ta tafi ba. Sai na yi dabara: na yi sammako, na aje hulata a wurin, na fita gaisawa da mutane. Ta zo ta ɗauke ta, ta kai wa fasto wai wani ya manta. Lokacin sanarwa aka ɗaga hular sama, na fita gaban jama'a na karɓa, na kuma gode wa Inna saboda riƙon amana.

Daga nan na riƙa ja da baya benci benci, har na tsinci kaina waje ƙarƙashin itacen dogon yaro, ina jin wa'azi ta ƙofa. Maƙwabcina Alhaji, Bakano mai sayar da atamfa, ya zo wucewa bisa moto ya ci birki.

"Maƙwabci, korarka suka yi?"

"Cika muka yi, Alhaji."

"Mu ran Juma'a mun saba da titi. In aro maka tabarma?"

Ya kuwa aiko da ita.

Da abin ya ishe ni na sami fasto, na ba shi tarihin bencin nan tun daga itacen da aka sare. Ya saurara, ya ce, "Gaskiya, ɗan'uwa, ba wanda ya san wuraren zaman gidan nan kamarka. Daga Lahadi kai za ka riƙa tarbar mutane kana zaunar da su."

Na koma gida ina taku ɗai-ɗai, tun da rabon wuri ya dawo hannuna. Matata ta dube ni ta ce, "Mai zaunar da mutane, shi yaushe yake zama?" Na ce mata ba ta san mulki ba.

Ran Lahadi na riga kowa. Ga gindin taga ba kowa, iska sai kaɗawa take. Na tsaya kusa ina gadi, ina karkatar da jama'a hagu da dama. Sai ga Inna ta shigo da sandarta, tana jaye da ƙanwarta wadda ita ma ta zo jinyar ido. Ta miƙo mini hannu.

"Ɗana, an ce kai ne mai aikin yanzu. Kai mu wurinmu."

Na kai su. Har na kakkaɓe musu bencin da hular nan tawa.

Tun daga ranar a tsaye nake sujada, a bakin ƙofa, gumi na bin bayana. In aka ba ni addu'a har yanzu ina roƙon a cika gidan, don kunya ba ta barina in janye. Sai dai nakan ƙara da cewa in an tashi faɗaɗa gini, Ubangiji ya tuna wa magina da tagogi.