Ranar Da Na Je Ɗankaza Neman Jini

A shekarun da na fara aiki a ofishin rajista na jami'a, ina zaune a Sabon Gari, kuma babu abin da nake so kamar a miƙa mini lasifika. Shi ya sa da wata ma'aikaciyar jinya, Kirista 'yar Gombe da muke gaisawa a bakin ƙofar makaranta, ta ce suna neman 'yan sa kai da za su raka su Ɗankaza roƙon gudummawar jini saboda mata masu haihuwa, ban bari ta rufe baki ba.

"Sista, bar mini maganar. Ke dai ki taho da kayan aikinki."

Muka isa da hantsi ranar Asabar. An shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, manoma sun baro gona sun zazzauna. Bayan doguwar gaisuwa na miƙe. Na yi magana a kan zumunci, na jero karin magana, na ce wanda ya hana ɗan'uwansa jini ya hana shi rai. Ni kaina sai da jawabin ya ratsa ni.

Wani dattijo da fartanya a kafaɗa ya ɗaga hannu.

"Malam, Allah ya ƙara basira. To kai sau nawa aka ɗebi naka?"

Ni da ko allurar zazzaɓi sai an kai ruwa rana kafin in tsaya! Na ce, "Baba, ai yau da ni za a fara."

Na kwanta a benci, na naɗe hannun riga. Sista ta ɗaure mini dantse da roba, ta goga auduga mai sanyi. Na ga allurar. Iyakar abin da na sani ke nan.

Da na farfaɗo, ina kan tabarma, wani yana yi mini fifita da faifai. Dattijon nan yana kwance a bencin, jininsa na sauka cikin leda, yana ba Sista labarin yadda damina ta makara. Bayansa layi ne har bakin rijiya. Ashe da na suma sai ya ce wa jama'a, "Bawan Allah ya taso tun daga gari, ya kusa mutuwa saboda matanmu, mu kuma muna zaune?"

Matarsa ta aiko mini da fura, wai in mayar da jinin da na rasa. Na saci kallon Sista. Ta san ko ɗigo ba a ɗiba ba, amma ta ci gaba da rubutu a jikin ledojinta. Na shanye furar tas.

A mota ta ce, "Malam, wata mai zuwa Darki za mu."

"In shirya jawabi?"

"A'a, suman dai za ka sake yi."

Na je Darkin. A can aka ɗebi jinina karo na farko, na juya fuska ga bango, wata tsohuwa tana riƙe da ƙafata tana cewa, "Yi haƙuri ɗana, kowa da inda Allah ya rage shi."